Yadda ake haɗa bindigar ruwa da tiyon pampo da tsohon silifa

Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya jawo wannan aikin, ƙaramar sallar da ta wuce ne na sayo wa autana da ɗan ƙanwata bindigar ruwa irin ta roba ɗin nan masu kala-kala, wallahi ko kwana uku ba su yi ba, ɗaya kunamar ta karye ɗaya kuma ta dinga yoyo ta gindi, yaron ya zo min da ita idonsa ya ciko yana cewa Kawu a gyara min, na juya ta na sake juyawa babu ma inda za ka kwance, an narka robar an manne ta gaba ɗaya. Abin ya tsaya min a rai, don ga zafin Damagaram na watan Afrilu da Mayu da yake haura 40, duwatsun unguwar Birni sun sha rana suna huci har bayan magariba, in kuran ya ɗauke kuma yara ba su da wajen zama. Shi ne na ce bari mu yi tamu da kayan pampo, wadda in ta lalace za a buɗe a gyara. Yanzu na haɗa guda huɗu, kuma ta farkon har yau tana aiki.

Ka fara gane yadda abin yake, sirinji ne kawai babba, ko ka ce pampon keke. Tiyo ɗaya babba shi ne jiki, tiyo ƙarami yana shiga cikinsa yana fita, a bakin ƙaramin akwai abin da ke toshe cikin babban tsaf, wanda a pampon keke ake ce wa fata, mu da gindin tsohon silifa za mu yi shi amma zan ci gaba da ce masa fata. Ka tsoma bakin a ruwa ka ja baya ta sha, ka tura gaba ta feso. Kuma tun yanzu in faɗa maka, duk aikin a fatar nan yake, in ta zauna daidai ko sauran ya ɗan karkace bindiga za ta yi aiki, in ba ta zauna ba kuwa ko fentin zinariya ka shafa mata rigarka za ta jiƙa ba ta wanda ka auna ba.

Kayan da za ka nema, duk akwai su a kankayeri, ko wajen Kasuwar Dole ko na cikin unguwa. Tiyon PVC na 40, wato mai faɗin milimita 40, tsawon santimita 60, ka ce musu na presiyo kake so mai kaurin jiki, ba siririn nan na magudanar ruwan wanka ba wanda in ka matsa da hannu yake lotsewa. Sai tiyo na 25 tsawon santimita 65, da wani guntun 25 ɗin kamar santimita 20 na mariƙi. Busho, wato murfin toshe bakin tiyo, na 40 guda biyu, busho na 25 guda ɗaya, te na 25 guda ɗaya, wato mahaɗin tiyo mai baki uku, ƙaramin gwangwanin kol na PVC, bulo na 6, wato ƙarfen da ake ɗaura wa noti mai kaurin milimita 6, mai tsawon santimita 6 da noti uku, rondel, wato faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, guda biyu masu faɗi amma kada faɗinsu ya kai cikin tiyon, tsohon silifa mai kaurin gindi, guntun robar cikin tayar keke daga wajen mai faci, samfefa, zarton ƙarfe, wuƙa mai kaifi da tsohon bik. Kafin ka sayi tiyo ka leƙa wajen mai gyaran pampo na unguwarku, ka gaishe shi ka ce maigida ko akwai guntaye, sau da yawa suna da ragowar aiki a jibge kuma ba ka buƙatar sanda guda mai mita 4 ko 6. Amma ka duba, in guntun ya daɗe a rana har ya koɗe ya yi fari-fari kar ka ɗauka, rana tana cinye PVC ya zama kamar ƙwai.

Abu ɗaya da za ka yi tun a shagon, kar ka ji kunya, ka ɗauki bushon 25 ka jefa shi cikin tiyon 40 ka ga ya wuce salin alin. Wani tiyon jikinsa ya fi kauri sai cikin ya matse, wani bushon kuma ƙato ne, in ka kai gida ka tarar ba ya shiga ka yi asarar kuɗin kabu-kabu. Bushon 40 kuma ka zaɓi mai shafaffen kai, ba mai tudu ba, za ka ga amfaninsa nan gaba.

To mataki na farko yanka. Ka naɗa farar takarda a jikin tiyon bakinta ya haɗu daidai, ka bi gefen da bik ka zana, sannan ka yanka a kan zanen kana juya tiyon a hankali, haka yankan ba ya karkacewa. Ka goge bakin da samfefa ciki da waje, musamman cikin bakin baya inda fata za ta shiga, ka ɗan fafe shi da wuƙa ya yi gangara, in ka bar shi da kaifi duk shigar fata sai ya yanke ta. Ka zura tsumma da sanda ka share garin robar da yashin da ke ciki, ƙwayar yashi ɗaya tana iya zana layi a cikin tiyo ruwa ya riƙa bi ta nan.

Na biyu fata, nan za mu daɗe. Ka wanke silifan ka cire igiyarsa, ka nemi wajen da bai cinye ba, yawanci tsakiya ne don dunduniya ta riga ta lotse. Ka kifa bakin tiyon 40 a kai ka danna da ƙarfi kana murzawa, in ka ɗaga za ka ga zobe biyu sun fito, na waje da na ciki, na cikin shi ne awon ka. Ka yanka ɗan waje da shi kaɗan, kamar milimita 1, gara ya yi yawa ka rage da ya yi kaɗan ka sake neman silifa. Guda biyu za ka yanka. Ka huda tsakiyar kowanne, tsakiya sosai fa, ka auna ka tabbatar, don in hudar ta kauce fatar za ta matse gefe ɗaya ta bar ɗaya a buɗe.

Sai ka huda tsakiyar bushon 25 daidai kaurin bulo. Jerin shigarsu ga shi, ka bi shi yadda na faɗa: ka sa wa bulon ɗan guntun robar taya a wuyansa, ka zuro shi daga cikin busho kan ya tsaya a ciki jelar ta fito waje, ka ɗaura noti na farko ka ɗaure tamau da sufana har bulon ya zama kamar an haife shi da bushon. Wannan notin mutane suke mantawa, kuma in babu shi, bayan ka manne bushon a tiyo ba ka da hanyar riƙe kan bulon, kana ɗaure na waje yana juyawa a banza. Bayan shi rondel, silifa, silifa, rondel, sannan noti biyu na ƙarshe. Kar ka ɗaure su sosai tukuna.

Yanzu ka riƙe bushon ka riƙa goga gefen silifan a kan samfefa kana juyawa, ka goga ka gwada a bakin tiyo, ka goga ka gwada, in kana da injin huda ka maƙala jelar bulon a bakinsa ka kunna ka kara samfefa, minti biyu ya zama zagaye sumul. Abin da kake nema shi ne ta shiga da ɗan turawa, ba ta faɗa da kanta ba kuma ba sai ka sa gwiwa ba. Dabarar da ta fi burge ni a wannan haɗin ita ce notin ƙarshe, in ka ƙara ɗaure shi rondel biyun suna matse silifan sai ya kumbura ta gefe ya ƙara kama tiyo, in ka sassauta ya koma, kenan fatarka tana da saiti, ko bayan wata biyu ta cinye ta fara yoyo juyi ɗaya ko biyu za ka yi wa noti ta dawo sabuwa. In ka samu daidai sai ka ɗaure noti na uku a kan na biyu ya kulle shi.

Mataki na uku murfin baya. Ɗaya bushon 40 ɗin za a yi masa huda babba a tsakiya wadda tiyon 25 zai riƙa wucewa ba tare da ya kama ba, kamar milimita 27. In kafinta yana da abin yanka zagaye ka kai masa, in babu ka yi ƙananan huji a jere a kan zobe ka fasa tsakiyar ka gyara da wuƙa da samfefa. Amfaninsa biyu, yana riƙe sandar ta tafi a miƙe, kuma yana hana yaro ya fizge ta gaba ɗaya ta fito. Wannan murfin ba a sa masa kol har abada, ta nan za ka riƙa buɗewa kana gyara, ɗan gajeren bis ɗaya ko biyu a gefe ya isa, gajere dai wanda ba zai taɓo sandar ciki ba. Ka kuma yi ƙananan huji biyu a jikin babban tiyon kusa da murfin don iskar da ke bayan fata ta samu hanyar shiga da fita, in ba haka ba za ka ji jan yana nauyi.

Na huɗu mannewa, kuma a nan na taɓa yin kuskuren da ya sa na yanke aiki na sake, na manne bushon fata a gaba na manne te a baya sannan na tuna ban zura murfin baya ba, ga shi babu ta inda zai shiga. Don haka ka fara manne bushon fata a bakin tiyon 25, ka zura murfin baya a jikin sandar bakinsa yana kallon fata, ka duba sau biyu, sannan ka manne te a ɗaya bakin, ka raba guntun nan biyu ka sa a hannuwan te ɗin ya zama mariƙi. Yadda ake sa kol, ka ɗan kankare wajen da samfefa ka share, ka shafa a jikin tiyo da cikin busho, ka tura lokaci ɗaya ka ɗan murɗa ka riƙe kamar rabin minti. Kol ɗin PVC narka fuskar robar yake yi su haɗe su zama abu ɗaya, shi ya sa in ya kama ya kama kenan, kuma a zafin garin nan kafin ka waiwaya ya bushe a hannunka, sai ka yi da safe a inuwa ka kuma yi sauri. A tsakar gida za ka yi ba a ɗaki ba, warinsa yana hawa kai, wuta kuma tana kama shi, kar a yi kusa da murhu ko mai shan taba, kuma wannan ɓangaren da na wuƙa babba ne zai yi, yara su tsaya miƙo kaya.

Na biyar baki, inda ruwa zai fita. Hanya mai sauƙi ka yi huda ta milimita 4 a bushon gaba da injin huda, shike nan. Kar ka yi da ƙusa mai zafi in kana da yadda za ka yi, hayaƙin PVC ba shi da kyau ga ƙirji kuma hudar tana fita da gemu-gemu, ruwan sai ya riƙa watsewa kamar na buta mai tsaga. Wanda ya fi kyau, ka cire ruwan bik ka yanki santimita 3 na wajen tsinin, ka lura a jikin bik akwai wata 'yar huda ƙarama a gefe kar ta shiga cikin abin da ka yanka, ka huda bushon daidai kaurinsa ka cusa ka zagaye da gam mai haɗi biyu irin wanda ake cakuɗawa, ba kol ɗin PVC ba. Ruwa in ya bi ta wannan ɗan bututun yana fita a dunƙule kamar igiya. In kana da niyyar ƙara mata bido, wanda zan yi bayani a ƙasa, kar ka sa bakin a tsakiya, ka matsar da shi gefe kuma ka dakata da manne bushon. In ba ka da niyya ka manne shi, ka jingine bindigar har gobe, na san yara za su dame ka da Baba ta bushe? Baba ta bushe? amma ka daure, kol yana son ya kwana kafin a matsa masa ruwa.

Bari in ɗan tsaya a kan girman hudar nan don gardamar da muka yi da wani maƙwabcina malamin lakkwal, shi ya dage cewa in huda ta fi ƙanƙanta ruwa ya fi nisa. Muka zauna a kan tabarma muka yi lissafi. Cikin tiyon 40 kusan milimita 36 ne, hudar 4, ka raba ka samu 9, 9 sau 9 kuma 81, ma'ana duk gudun da hannunka ya yi ruwa yana fita da ninkinsa 81. In ka tura santimita 10 a daƙiƙa ɗaya ruwan yana fita da kusan mita 8 a daƙiƙa, kuma ƙarfin da ake buƙata bai wuce na ɗaga kilo 3 da ɗan wani abu ba, yaro ɗan shekara takwas zai iya. Amma abin da ke ba ruwa gudu ƙarfin damtsenka ne, ƙaramar huda jinkirta ƙarewar ruwan kawai take yi, kuma siririn ruwa iska tana saurin tarwatsa shi ya zama feshi tun bai je ko'ina ba. Muka gwada 2, sai ta yi kamar fitsarin jariri kuma cika ta ma wahala ne, muka gwada 7, ruwan ya fito da kauri amma kafin ka ce kwabo ya ƙare hannu ba ya iya bin sa. Tsakanin 4 da 5 nan ne daɗin yake. Ja ɗaya na santimita 50 yana ɗaukar kusan rabin lita, wato ledar fiya wata guda, kuma in ka ɗaga bakin sama rabi-rabi tsakanin ƙasa da sama ya fi zuwa nesa. In yaron ƙarami ne sosai ka yi masa da tiyon 32 da sandar 20, ba ta ɗaukar ruwa da yawa amma turawar ba ta gajiyar da shi.

Washegari sai gwaji. Ka shafa wa fatar basilin ɗan kaɗan, kar ka kuskura ka sa baƙin mai ko giris na mashin, ruwan nan a jikin yara zai sauka. Ka zura, ka rufe murfin baya, ka tura a hankali har ka ji bulo ya taɓa gaba, ka ja baya santimita 3, ka naɗa robar taya da kauri a jikin sandar daidai bakin murfi ka ɗaure, ita ce birki, tana hana bulon dukan bushon gaba kuma tana hana mariƙi datse yatsan yaro. Kafin ruwa ka toshe baki da babban yatsa ka ja sandar ka saki, in ta koma da kanta fatarka ta yi, in ta tsaya inda ka bar ta iska na wucewa, ka buɗe ka ƙara ɗaure noti. Sannan ka tsoma a siyo ka ja a hankali, in ka fizga iska za ta sha. In ka ga ruwa na fitowa ta hujin baya fata ce, in yana tsatsa ta wuyan busho kol ne bai zagaye ba ka busar ka ƙara, in ruwan na fita a karkace ko a warwatse akwai ɗan datti a baki ka zura tsinken tsintsiya. In tana ƙara ƙiiii tana cijewa kuma ta matse da yawa, ka sassauta rabin juyi.

Yanzu ga mai son ƙari, wato ya rataya bido ya riƙa harbi ba sai ya koma wajen siyo ba. A bushon gaba, gefen bakin bik, ka yi wata huda ka cusa siririn tiyo mai garai-garai ɗin nan da magina ke awon nibo da shi, kamar mita 1 da rabi, kar ya leƙo ciki ya tsaya daidai da fuskar bushon, ka zagaye shi da gam ta waje. Ta ciki kuma ka yanki 'yar robar taya kamar harshe wadda za ta rufe hudar har ta ɗan wuce, ka kama gefenta ɗaya da ƙaramin bulo ɗaya gefen ka bar shi yana lilo, amfanin busho mai shafaffen kai kenan, robar tana kwanciya lif. In ka ja, harshen ya ɗaga ruwa ya shigo, in ka tura, ruwan da kansa ya danne shi ya rufe dole ya bi ta baki. Ka gwada da bakinka ka hura ka tsotsa ka tabbatar yana aiki kafin ka manne bushon. Ɗaya bakin tiyon ya shiga ta murfin bido mai lita 5 har ƙasa, ka yi wata 'yar huda a murfin don iska, in ba haka ba bidon zai lotse ruwa ya ƙi zuwa. Lokacin ja sai ka ɗora babban yatsa a kan bakin bik, don iska ta fi ruwa sauƙin shiga, in ka bar shi a buɗe ita za ta cika ciki. Bidon a kugu ake rataya shi ba a kafaɗa ba, in ya fi bindigar tudu ruwa zai riƙa zuba da kansa ta baki. Ka wanke shi da omo sosai, kuma wanda aka taɓa zuba esansi ko maganin ƙwari a ciki ko an wanke kar a yi amfani da shi. Lita 5 kilo 5 ne, harbi goma, ya ishi yaro.

Wani zai ce me ya sa ba za a sa bawul ɗin taya a bunƙa mata iska da pampon keke ba, ta riƙa feshi da kanta kamar na Turai. Gaskiya ne haka bindigar ruwan nan da ake kira Super Soaker take aiki, wadda wani injiniya baƙar fata ɗan Amurka Lonnie Johnson ya ƙirƙira, yana aiki da hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, a 1982 yana gwajin wata na'urar sanyaya wuri a banɗakin gidansa ruwa ya feso da ƙarfi dabarar ta zo masa, kuma ta farkon da ya haɗa da tiyon PVC da robar lemo mai lita 2 ya yi ta, sai 1990 ta shiga kasuwa. Ina gaya wa yarana wannan labarin don su san babban abu ma da guntaye ake fara shi. Amma ni ban yarda a yi wa yara mai iska a gida ba. Ruwa ba ya matsuwa, in tiyo ya tsage da ruwa a ciki tsiyaya kawai zai yi, iska kuwa tana matsuwa ta tara ƙarfi, ranar da PVC ya gaza ba tsagewa yake ba fashewa yake ya watso tsini-tsini kamar kwalba, ga shi a daidai fuskar yaro ake riƙe abin, ga ranarmu da ke gasa roba. Tamu da zarar ka daina turawa ƙarfin ya ƙare, babu abin da ke ajiye a ciki.

Sai maganar ruwan kansa, wanda duk ɗan Damagaram ya san ba abin wasa ba ne. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, su Gogo da Arunguza, har ma ana lissafa ƙarancin ruwa cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan suka mai da Yamai a 1926. Ranar da na fara gwada bindigar uwargida ta leƙo daga madafa ta ce Malam, ruwan da na saya wajen ɗan garuwa ne fa kuke watsawa, kuma tana da gaskiya. Shi ne muka yi doka, siyo ɗaya mai lita 10 a yini, harbi ashirin kenan, kuma a gindin bedi da zogalen tsakar gida ake wasan, abin da ya zuba shuka ta sha, ranar da pampo bai kawo ba kuma babu wasa, yaran ma sun sani ba sa tambaya. Kar ka ce don tsimi za ka bar su su ɗebo na tabki, tsargiya ta fata take shiga, ga ciwon ido, ruwan wanki kuma omo ne zai shiga idon. Ruwa mai tsabta, kuma ba a auna fuska ko kunne, daga ƙirji zuwa ƙasa.

In za ka yi mata ado ka naɗa mata salatif ja ko ruwan ɗorawa ko kore shar, kar ka yi mata baƙin fenti kar kuma ka ƙara mata abin da zai sa ta yi kama da ta gaske, halin da ƙasa ke ciki ba lokacin da yaro zai fito titi da doguwar baƙar aba a kafaɗa ba ne, balle da dare ko kusa da shingen jami'an tsaro. Tawa dokar ita ce ba ta wuce ƙofar gida. Ba a harbin mai wucewa, ba a harbin ɗan kabu-kabu yana tafiya, ba a nufar kontar kuran ko waya ko wajen caji, ɗan ƙanwata ya taɓa jiƙa wa wata dattijuwa maƙwabciyarmu zane ta saman katanga, na kama hannunsa muka je har gida ya durƙusa ya ce Hajiya ki yi haƙuri, bindigar kuma ta yi sati a rataye.

In an gama wasa a tura ruwan ya fita duka, a ja a tura sau uku a banza, a rataye ta a inuwa bakin yana kallon ƙasa, kar a bar ta a kan rufin kwano ko a yashe cikin yashi. Duk sati biyu ka kwance bis ɗin baya ka zaro sandar, ka wanke yashin da ya manne a basilin, ka duba bulon in ya fara tsatsa ka goge ka shafa sabo. Ɗaya ƙafar silifan kuma kar ka yar, ka yanka fata biyu ka ajiye a gwangwani tare da sufana mai lamba 10, ita ce daidai notin bulon 6.